Fitilar da Ban Zura Ba

Daga mahaifinka Musa, wanda mutanen Rafin Ɗinya suka sani da Jatau, a unguwar Aƙiƙ, Madina.

Zuwa ga ɗana Yusufu.

Ina gaishe ka gaisuwar uba. Ina gaishe da manyanku na gidan horon mishan, da 'yan'uwanka da kuke cin abinci a kwano ɗaya. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya raba ka da sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ni lafiya lau nake, sai gwiwa, ita kuwa ba baƙuwa ba ce.

Ka san ban yi boko ba, allon ma da gemuna na riƙe shi, iyakata abin sallah. Dakta Habu ne ke rubuta wannan, mai sayidaliyyar bakin titinmu, wato kantin magani, mutumin Zariya. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki. Ya ce me zai hana in yi maka magana ta jawwal, wato wayar hannu, kamar kowa. Na ce a'a. Maganar waya iska ce, a ji a goge. Wannan so nake ka riƙe ta, ka karanta, ka ji haushina, ka ajiye, ka sake ɗauka. Zai ɗauki hotonta ya tura maka yau ɗin nan, takardar kuma ta biyo masu Umra.

Na ji saƙonka. Ka ce bayan Ista za a raba ku bibbiyu a tura ku ƙauyuka, ku zauna shekara biyu kafin ku ɗauki alkawarin ƙarshe na zama Buroda. Ka ce ba a gidan mishan za ku zauna ba, cikin gidajen mutane za a sauke ku, ku yi noma da su, ku koyar da yara, ku gyara rijiyoyi. Sannan ka yi dariya ka ce, "Baba, ka san inda aka ba ni? Garinku, Rafin Ɗinya." Ka ce mai masaukinka Katekis Haruna ne, malamin cocin garin, ɗan Mantau, kuma tsohuwarsa Lami tana nan da ranta, har ta aiko cewa ita za ta riƙa dafa maka. Ka turo mini lambarsa, ka ce in kira in yi masa godiya kamar yadda iyaye ke yi.

Sau huɗu na saurara.  Ina zaune a ƙofar imara, gidan benen da nake gadi, mutane na shiga suna yi mini sallama, ban san na amsa ko ban amsa ba.

Goggonka Ladi, Allah Ya ji ƙan rai, ta gaya maka fari ne ya kore ni daga garin. Iyakar abin da ta sani ke nan. Ba fari ba ne.

A ranin da ya biyo bayan shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, ruwa ya yi mana gardama. Rafin ya ƙafe har mata na tonon yashi da ƙoƙo. A lokacin gidanmu ba masallaci ba coci, al'adar kakanni muke bi. Sai ga wani Bature dogo a kan babur, mutanen Katolika suka aiko shi. Muka ce Fada ne. Ya ce shi ba Fada ba ne, Buroda ne, ba ya jan sallarsu, aikin hannu ya kawo shi. Haƙar rijiya ya iya. Ko'ina ya je da igiya a kafaɗa, sai muka sa masa Mai Igiya. Sunansa na gaskiya bai zauna a bakin kowa ba.

Ni ina da shekara ashirin da 'yan kai, na yi ci-rani sau biyu a Kaduna ina ɗaukar kaya, na tsinto Turancin tasha. Babur ɗin bai gama tsayawa ba na riga kowa kama jakarsa. Daga ranar na zama bakinsa, na zama kunnensa. Wanda na so ya gan shi ya gan shi, wanda ban so ba in ce yana hutawa. In tsoho ya yi magana mai tsawo, in taƙaita ta yadda ta yi mini. Na daina zama a akushin gidanmu, ina cin biredi da shayi a bayan ɗakinsa, ina jin kaina.

Ga shawarata ta farko, kuma daga jikina na yanko ta. Ranar da ka sauka, wani zai riga kowa kama jakarka. Zai kasance mai fara'a, mai saurin fahimta, zai san abin da kake so kafin ka faɗa. Kada ka wulaƙanta shi, amma kada ka mai da shi ƙofarka. Mutumin nan ni ne. Kai ka ji Hausa, ba ka bukatar tafinta, to amma baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe, kuma akwai tafintan da ba na harshe ba, mai gaya maka wane ne mutumin kirki, wane gida ake shiga, wane ba a shiga. Ka ci abinci a gidaje da yawa. Ka je gaisuwa inda bai kai ka ba. Wanda ya yi shiru a taro, bi shi gona washegari.

Da aka zo zaɓen wurin haƙa, Mai Igiya ya ce a tambayi mata, su ne masu ɗebo ruwa. Wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta zo da sandarta ta ce mini, "Kai ɗan nan, gaya wa dogon nan, in ruwa yake nema ya bi gindin ɗinya, inda gara ta yi suri. Tun ina amarya wurin nan ba ya bushewa." Ni kuwa so nake rijiya ta zauna a bayan gidan ubana, a kan tudu, duk mai jan ruwa ya wuce ta ƙofarmu. Na juya na ce wa Bature tsohuwa tana yi masa sannu da zuwa ne, kuma ta ce bayan gidanmu ya fi. Ya rubuta a ɗan littafinsa, ya yi mata godiya da Hausarsa mai gargada. Ta dube ni, ta tofar da yawu gefe, ta tafi.

A gindin ɗinya da gaba biyar ko shida an taɓo ruwa. A tudu muka yi gaba goma sha huɗu muna bin jar ƙasa. Ka riƙe wannan lissafin, don zurfin ne ya kawo abin da ya biyo baya.

Don haka in ka je, kada ka taɓa dagi, kada ka auna ko'ina, sai ka ga damina ɗaya ta wuce a idonka. Na san an koya muku abubuwa a gidan horo, na san kuna da na'urori. Amma matar da ta yi shekara arba'in tana ɗauko tulu ta san ƙasar nan da tafin ƙafarta. Ka tambaye ta da bakinka, ka ji da kunnenka, kuma ka tambaye ta inda mazan ba sa nan.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa. Dakta ya ajiye biro ya ce in sha ruwa. Na sha.

Mai Igiya yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita. Kowace safiya, kafin ɗan Adam ya sa ƙafa a ramin, sai an kunna fitilar ƙwai, an ɗaura mata igiya, an zura ta har ƙasa. A bar ta can gwargwadon yadda zai gama addu'arsa ta safe, sannan a jawo. In ta fito da wutarta, a shiga. In ta fito a mace, iskar ƙasa ta ɓaci, sai a ɗaure rassan dogonyaro masu ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sake. Ya ce rami mai zurfi yana tara mugun numfashi da ba a gani, ba a jin warinsa. Kwana arba'in da wani abu muna zura fitilar nan, ba ta taɓa mutuwa ba ko sau ɗaya. Har mun mai da ita abin dariya, muna ce mata matar Buroda, tunda ba shi da wata.

Wata Laraba muka ga ƙasa ta fara danshi. Ran nan Mai Igiya ya hau babur ya tafi birni neman siminti, zai yi kwana uku. Ya ba ni makullin ɗakinsa, ya kama kafaɗata ya ce, "Jatau, fitila. Kullum fitila." Na ce an gama.

Washegari na riga kowa zuwa bakin ramin. Abin da ke raina shi ne a taɓo ruwa kafin ya dawo, a ce a hannun Jatau aka samu. Fitila na ɗakinsa, makulli na aljihuna. Tafiyar ba ta kai daga ɗakina zuwa sayidaliyyar Dakta ba. Na yi ƙyuya. Ba wani dalili, Yusufu, na nema shekara hamsin ban samu ba. Ƙyuya ce da gaggawa.

Sai ga Mantau da dagi a kafaɗa, da mutum biyu masu jan igiya. Mantau taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, tare muka yi kiwo, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Bai fi wata bakwai da auren Lami ba.

Ya ce, "Yaron Bature, ina matar maigidanka? Yau ba za ta leƙa mana ba?"

Na ce, "Ta leƙa ta fito tun kana can kana lallashin amarya. Har na mayar da ita ɗaki."

Ya ce, "Da wutarta?"

Na ce, "Da wutarta."

Ya ce, "To ai yau kai ne da shiga."

Gaskiyarsa, ranar tawa ce. Na ce Buroda ya bar mini riƙon aiki, mai riƙon aiki kuwa a sama yake tsayawa. Ya yi dariya ya ce, "Biredi ya sa ka yi nauyi, igiya ba za ta ɗauke ka ba. Kawo." Ya ɗaura a ƙugu. Yana sauka yana cewa in ya taɓo ruwa sunansa za a sa wa rijiyar, ni in je in sa wa babur nawa.

Muka ji dagi sau uku, ko huɗu. Daga nan shiru. Na kira shi, na ce ya bar wasa. Na sake kira. Muka ja igiya, nauyinta ya sauya, kowa ya ji a hannunsa. Da muka fito da shi ba rauni ko ɗaya a jikinsa, kamar mai barci. Aka yi ta zuba masa ruwan da mata suka tono a yashi. Bai tashi ba.

Ka ji ni da kyau. A aikin da za ka shiga, za a yi abubuwan da ake yi kullum har su zama kamar ba su da amfani. Gaisuwar safe gida gida. Tambayar mai gari kafin a tara mutane. Duba igiya kafin a rataya. Ranar da ka ji a ranka cewa yau kam ba sai an yi ba, to ranar ce aka yi dokar dominta. Kuma kada ka tura ɗan wani inda kai ne ya kamata ka shiga. In an ba ka riƙon aiki, ƙafarka ce ta farko a rami. Na ji an ce kuna ɗaukar alkawarin biyayya. Ban san yadda kuke fassara shi ba, amma ni na ga abin da rashinta ya yi a kan abu ƙanƙani kamar ashana ɗaya.

Da a nan na tsaya, da wataƙila na iya zama a garin. Kuskure ne, mutane sun san kuskure. Amma dattawa suka taru suka tambaya, mutum biyun nan suka ce Jatau ya ce an zura, ta fito da wuta. Aka dube ni. Na ce haka ne. To in iska lafiya take, me ya kashe shi? Sai magana ta juya. Aka ce wurin ne ba ya son baƙo. Aka ce Bature ya zo da abin da ya ɓata wa masu ƙasa rai.

Mai Igiya ya dawo ran Asabar da buhunan siminti a motar haya. Ya ja ni bayan ɗaki, mu biyu, ya ce, "Jatau, ka zura?" Na ce, "Na zura." Fitilar na rataye a ƙusa a bayansa, yadda ya bar ta, kananzirinta bai ragu ba. Na san ya gani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To."

Ya tuɓe takalmi, ya tafi ƙofar gidan su Mantau, ya zauna a ƙasa cikin masu makoki. Wasu suka tashi daga kusa da shi. Da uban Mantau ya fito, ya ce masa da Hausarsa, ba tafinta, "Ni na kawo aiki. Laifi nawa." Bai ambaci sunana ba, ranar ko bayanta. Kwana uku yana zuwa yana zama. Kafin wata ya ƙare manyansa suka ɗauke shi. Aka cike ramin da ƙasar da muka fitar. Na ji labari garin ya ƙara shekaru yana shan ruwan yashi, kuma an daɗe ba a bar wani ɗan mishan ya kwana a can ba. Ni ban jira sadakar bakwai ba. Lami na da ciki wata biyar. Ban yi mata gaisuwa ba. Na bi motar gyaɗa na shiga Kano.

Cikin nan shi ne Haruna, mai masaukinka.

Abin da zan ce a nan gajere ne. In ka yi ɓarna, faɗe ta ranar, kafin rana ta faɗi, da bakinka, a gaban wanda ka yi wa. Ranar farko nauyinta na tulu ne. In ta kwana ta zama dutse, in ta shekara ta zama gida, ka shiga ciki ka zauna. Kuma ka koyi zaman ƙasa irin na mutumin nan. Addininsa ba nawa ba ne, amma ban taɓa ganin namiji ya zauna kamar yadda ya zauna ba. Kuskurensa na farko, ya ba mutum ɗaya makulli da kunne duka. Na biyu, in kuskure ne, ya rufa mini asiri ya bar ni da shi. Na daɗe ina cewa da ma ya tona.

A Kano na musulunta, kuma ba don ɓuya ba, da zuciya ɗaya na shiga, a kai nake fatan cikawa. Amma malamin da ya ba ni kalmar shahada ya gaya mini tun a makon farko cewa abin da ke tsakaninka da Allah, Allah na yafewa, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi. Na ji, na ajiye. Na zo ƙasar nan, na yi shekara goma sha tara a mazra'ar dabino a Badr, ina hawa ina yi wa dabino aure da garin furen namiji, ina yanke ƙaya. Akwai tsohuwar rijiya a gonar, da injin a ƙasa. Wata rana injin ya tsaya, wani Basudane abokin aikina ya kama tsani zai sauka. Na riƙe rigarsa har ta yage. Na ce ba mai shiga sai an zura kyandir. Kafil ɗinmu, Balaraben da ya ɗauke mu aiki, ya zo yana cewa, "Ya Musa, esh fik, me ya same ka? Majnun ne kai?" Na ce ko a soke iƙamata, takardar zamana a ƙasar, yau, ba mai shiga. Aka zura don a rabu da ni. Ta fito da wutarta. Suka yi ta dariya, har na bar gonar ana ce mini Abu Sham'a, wato mai kyandir. Ban damu ba. Sai dai na san a raina, kyandir dubu a Badr ba ya biyan fitila ɗaya a Rafin Ɗinya.

Na yi Hajji, na yi sallah a Harami ba adadi, na raka gawa Baƙi'a ta mutanen da ban sani ba. Duk lokacin da aka sa mutum a rami, igiyar nan nake ji a tafin hannuna.

Saura laifina a kanka. Mahaifiyarka ta rasu kana da shekara biyu, ina nan, iƙama ta ɗaure ni. Na ce a kai ka wurin Ladi, na san sarai coci take zuwa. Na ce shekara ɗaya ce in dawo in ɗauke ka. Sau nawa ka gan ni kafin ka yi gemu? Sau huɗu, na ƙirga. Wanda ya ba da ajiyar ɗa ya tafi, ba shi da bakin tambayar da wane harshe yaron ke addu'a. Amma ranar da ka kira ka ce za ka shiga horon Buroda, na kashe waya, na yi shekara shida ban ɗauka ba. Ka ɗauka addini ne kawai. Akwai shi, ba zan yi maka ƙarya ba. Har gobe ina roƙon Allah Ya juyo da kai inda nake, na san kai ma kana yi mini irin taka, to mu bar wa Mai shi. Akwai kuma zafin cewa ba za ka yi aure ba, ba zan ɗauki ɗanka ba, gidan Jatau a kanka zai tsaya. Wannan har yanzu yana ci na. Amma abin da ya sa na kashe wayar, kalmar ce. Ka ce Buroda, na ga mutum zaune a ƙasa ba takalmi. Na kasa.

Kada ka yi wa kowa irin wannan shirun. A ƙauye za a ɓata maka rai, za a yi maka alkawarin gayya a ƙi fitowa, za a ce ka zo cin amanar 'ya'yansu. Akwai Musulmi a garin yanzu, na ji har da masallacin Juma'a. Wasu za su ƙi amsa gaisuwarka. Ka sake gaishe su gobe. In limaminsu ya yi rashin lafiya ka je dubiya, ka ce ubanka na Madina, ba don ka yi ado da ni ba, don su san ka san yadda ake cire takalmi a ƙofarsu. Fushi ka yi shi da baki, a gama. Shiru ba ya gyara komai, ni shaida ne.

Da na gama ba Dakta wannan labarin jiya, sai ya ce, "Baba Musa, a bar kaza cikin gashinta. Shekara hamsin. Waɗanda suka sani sun mutu, yaron nan bai san komai ba, ka bar shi ya yi aikinsa. In ka tona, kai kana nan cikin na'urar sanyi, shi ne zai kwana a gidansu."

Na ce, "Dakta, kai magani ka karanta. In ƙurji ya rufe da mugunya a ciki, ya warke?"

Ya ce, "Wani ƙurjin in an taɓa shi ne yake kashewa."

Ban ce ƙarya yake ba. Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ina tsoron su ce kada ka zo. Ina tsoron manyanka su ga gidanku da tabo su janye ka, shekarun da ka yi kana shiri su tafi a banza saboda ni. Ina tsoron tsohuwar nan ta ji abin ya kayar da ita. Ina tsoron wani matashi mai zafin kai a dangin ya riƙe ka a zuciya, kai kuwa kana kwana a ɗakin da ba ƙyaure mai kyau. Duk na auna, na sake aunawa.

Amma Yusufu, kai kamata ce sak. Hoton da ka turo da farar rigarku, na nuna wa masu gadin layinmu, wani Banijare ya ce, "Wannan ai kai ne aka wanke." Lami za ta fito da ƙwaryar ruwa ta tarbi baƙo, ta ga Jatau tsaye a ƙofarta. Za ta yi murna, ta ce ɗan taubashin mijinta ne ya dawo gida. Za ta tuƙa maka tuwo shekara biyu. Haruna zai kai ka inda aka cike ramin ya ce nan ƙasa ta cinye ubansa ba dalili. Kai kuma ka tsaya kana koya wa mutane gaskiya, ƙafarka a kan ƙaryata. A'a. Na tura mutum ɗaya rami na ce masa lafiya lau, alhali ban duba ba. Ba zan tura na biyu ba, balle ɗana.

Ga abin da nake so ka yi. Ka kai wa babbanku takardar nan ya karanta tun kafin ya ji a bakin wani. Kada ka roƙi gafara a madadina, ba kai ka yi ba, kuma ba a aiken wannan. Kada ka kare ni in an zage ni, ka sunkuyar da kai ka bari su gama, suna da haƙƙi. In sun ce kada ka zo, ka karɓa ba gardama, ka tafi inda aka sake tura ka, ka sa laifin a kaina, nan ne wurinsa. In kuwa sun ce ka zo, kada ka shiga da rawar jiki kana neman haƙa musu rijiya don ka biya. Ba a biyan wannan. Ka zauna, ka ci abin da aka ba ka, ka yi musu noma. In wata rana su da kansu suka kawo maganar ruwa, ka ce a je a duba gindin ɗinya, in itacen na nan.

Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya ba ka haƙurin zama da mutane, Ya sa su ga abin da ke zuciyarka ba abin da ke fuskarka ba. Allah Ya tsare ka daga ruwa da wuta da rami da bakin mutum. Allah Ya sa kada laifin uba ya bi ɗa. In ka ga za ka iya yafe mini shekara shidan nan da sauran da suka gabace su, ka yafe. In ba yanzu ba, ina jira, na iya jira. Ka gaishe da abokin tafiyarka da aka haɗa ku.

Dakta ya ce hannunsa ya gaji, kuma an kusa kiran la'asar. Ya ce har yanzu bai yarda da ni ba, amma zai zo da jawwal ɗinsa don nawa ba ya jin magana sosai.

Gobe in Allah Ya kai mu, zan yi asuba a Harami, in dawo in share ƙofar imara, in jira hantsi ya ɗaga, don kuna bayanmu da awa biyu, kada in tashe su, kada kuma su riga su fita gona. Sannan in sa Dakta ya buga lambar da ka turo. In Haruna ya ɗauka zan gaishe shi, in ce ni ne Jatau, ya taimaka ya kai wa tsohuwa wayar, shi ma ya tsaya kusa. In ta karɓa, zan yi mata gaisuwar mijinta da ban yi ba. Sai in ce mata ranar tawa ce, kuma ban zura fitilar ba.

Daga nan zan yi shiru in saurara.

Mahaifinka,
Musa Jatau